Yadda Za Ka Gane Filastar Wajen Gidanka Ta Mutu, da Abin Yi Kafin Ka Kira Magini

Wata shekara, ana saura sati uku Ƙaramar Sallah, na sa aka yi wa fuskar gidanmu fenti. Mai fentin yana cikin goge bango sai ya tsaya, ya ƙwanƙwasa wani waje da ƙotar burushinsa, ya juyo ya ce, "Yallaɓai, nan fa ƙarar fanko yake yi." Na ce ya shafa kawai, ai fenti zai riƙe. Aka yi Sallah gida na ƙyalli, masu wucewa suna sam barka. Da marka ta kankama, wata asuba bayan an kwana ana ruwa da iska, sai muka ji rim! Wani falle na filasta mai faɗin sallaya biyu ya saki bango ya faɗo kan dakalin da yara ke zama da hantsi, da sabon fentinsa a jiki ko ƙwarzane babu. Allah ya tsare, babu kowa a wurin. Kuɗin fenti ya tafi, ga na filasta ya taso. Ashe kitso na yi da ƙwarƙwata.

Tun daga ranar na daina yarda da ido kaɗai a sha'anin bango. Filasta tana iya yin kyau a fuska alhali ta daɗe da rabuwa da bulon da ke bayanta, wata kuma ta yi dumu-dumu da baƙin gansakuka amma tana nan daram. Kunne da hannu sun fi ido gane gaskiyarta.

Fara raba ciwon gida uku

Bango hawa uku ne: fenti a sama, filasta a tsakiya, bulo da kankare a ciki. Duk binciken da za ka yi, amsar tambaya ɗaya kake nema: a wane hawa ciwon yake? Idan na fenti ne, kankarewa da sake shafawa sun wadatar. Idan na filasta ne, ko faci ko sauyawa. Idan kuwa ginin ne da kansa ke motsi, ko filastar zinare ka yi sai ta sake darewa, domin ba aikinta ba ne riƙe gini. Riga ce kawai, tana tare ruwa da rana. Yawancin asarar da mutane ke yi daga nan take tasowa: a yi wa ciwon filasta maganin fenti, ko a yi wa ciwon gini maganin filasta.

Lokacin dubawa da abin da za ka riƙe

Sau biyu ya kamata ka zagaya gidanka a shekara. Na farko a tsakiyar marka, cikin watan Agusta, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi. A lokacin lafiyayyen bango ya fara bushewa, wurin da ke riƙe ruwa kuwa yana nan da duhunsa, kamar an zana maka taswira. Na biyu da kaka, a watan Oktoba ko Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, don a lokacin ne za ka yanke hukunci ka kuma yi aikin. In da hali, ranar da ake sheƙa ruwan ma ka ɗauki lema ka fita ka ga inda indararo ke zubarwa da inda ruwan kwano ke dukan bango. Minti goma a cikin ruwa ya fi kwana guda kana tambayar magini.

Ka fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da hasken rana ke zuwa ta gefe. Kumburi da lotsawar da ba a gani da tsakar rana duk suna yin inuwa a wannan lokacin. Kayan aikin ba wasu na a zo a gani ba ne: ƙaramar guduma ko sukundireba mai ƙotar roba, ƙusa inci 4, alli ko gawayi, kofin ruwa, tef na awo, tsani mai ƙwari da wanda zai riƙe maka shi, sai wayarka don ɗaukar hoto.

Fara da bangon gabas. A ƙasar Hausa, daga Kano zuwa Katsina har Damagaram, hadari daga gabas yake tasowa, iskarsa kuma ta nan take jifan ruwa. Shi ya sa magina na da suka fi ba bangon gabas kulawa. Na yamma kuma shi ke shan ranar la'asar ta bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya yi zafi da rana ya huce da dare, fenti ya ƙoƙe, ƙananan tsagogi su yi yawa.

Mataki na farko: karanta tsaga

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Amma ba kowace tsaga ce abin tayar da hankali ba, kuma siffarta ita ke gaya maka asalinta.

Akwai siraran nan kamar silin gashi, masu haɗuwa da juna kamar yanar gizo-gizo ko fasasshen ƙasan tafki da rani. Waɗannan na fuskar filasta ne. Suna zuwa idan ta bushe da gaggawa ba a ba ta ruwa ba, ko yashin ya cika laushi da ƙura, ko magini ya yi ta guga da cokali har ruwan siminti ya taso sama. In ka ƙwanƙwasa wurin ka ji shi tauri, to ba sai an ɓamɓare ba. A cike su, a yi fenti mai kyau.

Akwai kuma miƙaƙƙiyar tsaga da ke bin gefen fila (ginshiƙin kankare) daga sama zuwa ƙasa, ko ta kwanta a ƙarƙashin linta (kankaren da ke haye saman ƙofa da taga). Wannan mahaɗar kankare ce da bulo. Abu biyu ne da zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, sai filastar da ta haye kansu ta yage. Maganinta a buɗe wurin, a kafa ragar waya ta haye mahaɗar kamar inci 6 kowane gefe, a sake shafewa. In aka cike ta kawai ba waya, baɗi war haka tana nan. Irin wannan ce kuma ke fitowa a inda mai wayarin ko mai famfo ya sare bango ya binne bututu ya toshe a gurguje.

Wadda za ka tsaya wa da kyau ita ce mai tafiya a karkace, musamman daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ke bin layin bulo tana hawa kamar matakalar bene. Duba ko ta fi faɗi a sama ko a ƙasa. Shiga cikin ɗakin ka ga ko ta ɓullo a daidai wurin. Gwada ƙofa da tagar da ke kusa, ko sun fara cijewa. Idan tsagar ta ratsa ciki da waje, ko faɗinta ya kai milimita 5, wato bakin biro yana shiga har ya yi wasa, to zancen ya wuce filasta. Harsashin gini ne ke zama, ko ƙasar ce ke motsi. A wasu sassan Borno, Gombe da Adamawa akwai baƙar ƙasa mai yumɓu da ke kumbura da damina ta tsuke da rani, gini ya yi ta numfashi tare da ita. A birane kuma sau da yawa sokawe ne da aka haƙa dab da harsashi, ko fili ne da asalinsa kududdufi ne aka cike da shara. Nan injiniyan gini mai rajista ake kira, ba birkila ba.

Kana iya gane ko tsaga na raye ko ta mutu da kanka. Ja layi da fensir a ƙarshenta biyu, ka rubuta kwanan wata a gefe. Sannan ka shafa ɗan siririn kwaɓin siminti mai faɗin yatsa biyu ya haye ta a wuri biyu ko uku. Ka riƙa leƙawa duk wata, har damina ta shiga ta fita. In ta zarce layin fensir, ko shafen ya tsage, tana motsi. In shekara ta zagayo ba abin da ya canza, ta zauna, ana iya gyara ta a rufe.

Sai ta ƙarshe: tsaga a jikin fila, linta, baranda ko bakin dakin (rufin kankare), wadda jan ruwan tsatsa ke gangarowa daga cikinta. Ruwa ya kai ga rodi. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi ninkin ba ninkin, ya turo kankare da filasta waje. Shafe kansa da sabon siminti rufe wuta ne da kara. Dole a sare har a ga rodin ta kowane gefe, a goge tsatsar da burushin ƙarfe, in ya sirance sosai a nemo injiniya ya gani kafin a rufe.

Mataki na biyu: ƙwanƙwasa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi mutane suka fi tsallakewa.

Nemi wurin da ka tabbata lafiyayye ne, ka ƙwanƙwasa shi a hankali don kunnenka ya riƙe sautin. Filastar da ke manne da bulo tana ba da sauti gajere mai kauri, ƙwas-ƙwas, gudumar ma tana ɗan dawo maka a hannu. Wadda ta saki kuwa sai ka ji ƙwal-ƙwal ko bum-bum kamar ka taɓa ƙwarya a kife. Wani abu da zai iya ruɗa ka: bulo yana da rami a cikinsa, don haka sautin tsakiyar bulo ya ɗan bambanta da na kan fila ko kan layin siminti. Amma wannan bambancin yana maimaita kansa a jere, bulo bayan bulo. Na sakakkiyar filasta kuwa fili guda yake ci, ba ruwansa da layi, kuma in ka ɗora tafin hannunka na hagu a gefe kana bugawa da dama za ka ji wurin yana rawa. Wani lokaci har za ka ji yashi na zuba ta baya, shuu, kamar ana tankaɗe.

Bi bangon layi-layi, taku ɗaya bugu biyu ko uku, daga gindi zuwa inda hannunka ya kai, sannan ka hau tsani. Wata dabarar da ta fi sauri ita ce ka ja kan gudumar a jikin bangon kana tafiya. Da ka iso wurin da ya saki, ƙarar jan za ta canza nan take. Duk inda ka ji fanko, bi gefensa har ka gano iyakarsa, ka kewaye shi da alli. Kada ka yi ƙyuya a ƙarƙashin taga, saman katanga, gefen indararo, bayan tankin ruwa da ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, inda ruwa ke ɗiga dare da rana.

Idan wurin da ya kumbura yana saman kai ne, a kan ƙofa ko hanyar da mutane ke bi, kada ka jira gama bincike. Kawar da mutane, ka sa a sauke shi a ranar. Filasta mai kaurin milimita 15, faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, nauyinta ya kai kilo 30. Fiye da rabin buhun siminti ke nan a kan ɗan yaro.

Da ka gama, ja da baya zuwa tsallaken layi ka kalli zanen allin gaba ɗaya, ka ɗauki hoto. Wannan hoton shi za ka nuna wa magini, shi kuma zai hana a yi maka kuɗin goro.

Mataki na uku: ƙusa, tafin hannu da kofin ruwa

Filasta tana iya kasancewa a manne amma ta rube. Karce ta da ƙusa da ɗan ƙarfi. Mai kyau farin layi kawai za ta nuna. Wadda aka yi wa rowar siminti, ko ta ƙone don rashin ban ruwa, ƙusar za ta nutse, yashi ya zubo kamar ka karce ƙuli-ƙuli. Gwada wurare da yawa, sama da ƙasa, domin kwaɓin safe da na yamma ba lallai su zama ɗaya ba, musamman ranar da siminti ya kusa ƙarewa mai gida kuma ba ya nan.

Shafa tafin hannunka. In farin gari mai laushi ya biyo ka kamar alli, fenti ne ya mutu. In ƙwayar yashi ce mai kaushi, filastar ce. Sannan watsa kofin ruwa a inda babu fenti. Idan ya gangaro yana barin ɗan danshi, lafiya. Idan bangon ya zuƙe shi nan take kamar an zuba a toka, to haka yake shan ruwan sama duk damina. Filastar da ke zubar da yashi ba ta karɓar faci, ba ta riƙe fenti. Sabon siminti zai kama fuskarta ne kawai, ita kuma ta saki daga ciki.

Mataki na huɗu: gindin bango

A yawancin gidajenmu daga nan ciwo ke farawa. Za ka ga daga ƙasa zuwa gwiwa, wani lokaci har ƙugu, fenti ya yi bororo, filasta ta yi laushi, ga wani farin gari kamar kanwa yana tsatsafowa, da layi mai lanƙwasa a sama inda danshin ya tsaya. Ruwan ƙasa ne ke hawa ta cikin bulo kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Yana tafe da gishirin ƙasa. In ya iso fuska ruwan ya bushe, gishirin ya ƙanƙare a cikin ƙofofin filasta, ya yi ta cin ta daga ciki har ta zama gari. Irin wannan danshin da wuya ya wuce mita ɗaya. Idan ka ga jiƙa a sama da haka, nemi dalilinta a sama: rufi, indararo, ko bututun da ya fashe a cikin bango.

A ƙa'ida, shingen danshin da magina ke kira DPC, wato shimfiɗar da ake yi a gindin gini don hana ruwan ƙasa hawa bango, ya kamata ya ɗara ƙasar waje da aƙalla milimita 150, wato inci 6. To amma dubi abin da ke faruwa a unguwanninmu. An gina gida yana sama da layi da matakala biyu. Shekara goma, an yi ciko, maƙwabci ya ɗaga nasa, an zo an shimfiɗa kwalta ko intalok, sai ga ƙofar gida ta koma rami, ƙasa ta haye shingen. Wani kuma da hannunsa yake jawo wa kansa: ya jibge ragowar yashi a jikin katanga shekara uku, ko ya yi fulawa a gindin bango yana ba ta ruwa safe da yamma. Ƙara da wurin alwala, wurin wanke-wanke, kwatar da ta toshe, da lungun da masu wucewa suka mayar makewayi duk da an rubuta "Ba a fitsari a nan" da jan fenti. Fitsari gishiri ne, kuma yana cin siminti.

Abin da nake so ka riƙe a nan: kada ka sayi ko buhu ɗaya sai ka gano inda ruwan ke fitowa ka datse shi. Janye ƙasar da ta taru, gyara kwata, karkatar da ruwan wanka, sa wa indararo bututu ya sauke ruwa nesa da gindi, a zuba ɗan kankare mai gangare a kewayen gidan don ruwa ya riƙa gudu waje. Mutane da yawa tayil suke mannawa a gindin bango su huta da gani. Danshin bai tafi ko'ina ba, an toshe masa ƙofa ne, sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin ko ya juya cikin ɗaki. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ɗaga kai kuma ka dubi saman katanga da bakin rufin dakin. In babu hular kankare mai ɗan baki da ke zubar da ruwa gefe, ruwa na shiga ta ramukan bulo daga sama ya sauko ta bayan filasta. Baƙaƙen layukan da ke gangarowa daga saman katanga shaidarsa ce.

Mataki na biyar: shiga ciki

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Janye kujeru da wardirob daga jikin bangon da ke kallon waje. Warin danshi, funfuna, fentin da ke tashi, ko soket ɗin da ya yi tsatsa, duk ka auna wurinsu ka fita ka ga me ke daidai nan a waje. In kana shakka, manna leda mai faɗin littafi a wurin, ka rufe gefunanta huɗu da salatef, ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan raɓa ta taru ta cikin ledar, ko bangon ya yi duhu a ƙarƙashinta, daga cikin bango ruwan ke fitowa.

Hukunci: faci ko sauyawa?

Koma kan hoton allinka. Ga yadda ni nake yankewa, bango-bango, ba gida gaba ɗaya ba. Idan wuraren da suka saki 'yan tsiraru ne, a warwatse, sauran kuma ƙusa ba ta shigarsu, faci ya isa. Idan zanen allin ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na bangon, ko facin da aka yi bara da bara waccan su ma sun fara ƙara, ko duk inda ka karce yashi ke zuba, a sauke fuskar bangon nan duka. Faci a kan irin wannan tufka da warwara ne: kowace mahaɗar tsoho da sabo wata ƙofar ruwa ce, kuɗin leburori da na fenti kuma sau uku za ka biya maimakon sau ɗaya. Idan gindin ne kawai gishiri ya ci, a sare shi a miƙe, a wuce iyakar danshin da kamar ƙafa ɗaya, a bar na sama.

Ba dole ne a yi gida duka a shekara ɗaya ba. Bangon gabas bana, sauran baɗi, ba abin kunya ba ne.

Idan ginin ƙasa ne

Nan lissafin ya sha bamban, kuma nan aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Gidan tubali a cikin birnin Kano, Zariya ko Katsina, magada sun gaji da yaɓe duk shekara, sai su ce a shafe shi da siminti a huta. Siminti da ƙasa ba sa auren dindindin. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, tana ɗan kumbura tana tsukewa, siminti kuwa ya ƙame. Da ya tsage ruwa ya shiga, ba ya samun hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe ta narke a ɓoye, gara kuma ta samu inuwa. Daga waje bango sumul, a ciki kogo. Shi ya sa a ginin ƙasa mai rigar siminti, ƙarar fanko ta fi haɗari: wani lokaci ba rigar ce kaɗai ta saki ba, jikin ne ya zaizaye. Buɗe wuri ɗaya a gindi ka zura hannu. In ƙasar ta yi laushi ko ka ga hanyar gara, a duba kaurin da ya rage, a duba kan azara, kafin damina.

Magina na da suna da nasu maganin. Akwai makuba, da ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a kwaɓa da ƙasa a yi shafe. Akwai laso, haɗin katsi (abin da ke kwantawa a gindin ramin rini na karofi) da gashin jima da dafara (wata itaciya mai yaɗo), wanda ya fi makuba daɗewa, shi ake sa wa rufin soro, zankwaye da bangon da ruwa ya fi duka. Duka biyun suna tare ruwa amma suna barin bango ya yi numfashi, in sun tsufa kuma a fili suke nunawa: fuska ta yi kaushi, ciyawar cikin yaɓe ta bayyana, ruwa ya fara yin 'yan kwaruruka. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ƙasa ce, kuma itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakan masu sabunta mata yaɓe. Ginin ƙasa da haka yake rayuwa. In har sai an sa siminti, to a kafa ragar waya da dogayen ƙusoshi, a yi kwaɓin ba mai ƙarfi sosai ba, a kuma tabbata rufi da indararo ba sa zubar da ruwa a bayansa. Ko da hakan, ka riƙa ƙwanƙwasa shi duk kaka.

In an tashi aikin, ga inda za ka sa ido

Lokaci mafi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, bango ya samu makonni ya bushe. Tsakiyar hunturu iska na zuƙe ruwan kwaɓi kafin siminti ya kama, bazara kuma rana ce ke ƙona shi. In dole ta sa, a yi da safe, a bi inuwa, a rataya jiƙaƙƙun buhuna.

Wajen sarewa, a kula da wayar wuta da ta shigo gidan da bututun da ke binne. Mai sara ya sa tabarau da takunkumi, a hana yara wucewa. A sare har bulo, gefen facin ya zama a tsaye ba a zame ba, a share ƙura da burushin ƙarfe. Inda gishiri ya fito a goge shi a bushe, kada a wanke, don ruwa mayar da shi ciki yake yi. Fila da linta, da yake suna da santsi, a sassare su, a watsa musu ruwan siminti mai kauri da ɗan yashi a bar shi ya kwana. A jiƙa bangon kafin a fara, ya yi danshi amma ba ya ɗiga.

Yashi ka gwada shi da kanka. Zuba shi rabin kwalba, cika da ruwa, ɗan gishiri kaɗan, girgiza, ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a saman yashin. In kaurinta ya doshi kashi ɗaya cikin goma, a canza yashi ko a wanke shi. Siminti kuma, Dangote ne ko BUA ko Ashaka, in ya yi ƙulalai da ba sa murƙushewa a hannu ya sha iska, a mayar.

Buhu mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne. Kwaɓin waje yana tsakanin kwano 8 zuwa 12 na yashi a buhu ɗaya. Ni 10 nake tsayawa a kai. Baro ba ma'auni ba ne, domin wani ya fi wani, kuma tozon da lebura ke yi masa ya danganta da ko kana tsaye. Kada kuma ka ɗauka yawan siminti shi ne inganci. Filastar da ta fi bulon bayanta ƙarfi tsagewa take yi ta ɓalle da fatar bulon, balle irin bulon kasuwa da ake murƙushewa da yatsa. Kauri milimita 12 zuwa 15. In bangon ya karkace har ana bukatar fiye da 20, a yi shi hawa biyu, a karce na farko a bar shi ya kama. A wannan kauri da wannan kwaɓi, buhu ɗaya yana rufe wajen murabba'in mita 10, don haka bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3 zai ci buhu uku, ka sayi na huɗu saboda zuba da cike ramuka. Kwaɓin da ya fara ƙamewa a ƙasa, aka ƙara masa ruwa aka farfaɗo da shi, shi ne wurin da ƙusarka za ta nutse nan da shekara biyu.

Sai ban ruwa, wanda ba ya cin ko sisi amma shi aka fi yi wa sakaci. Daga washegari, safe da yamma, kwana bakwai cur, da hunturu har sau uku a rana. Magini ya riga ya koma wani aikin, don haka ka ɗora wa wani takamaimai a gida. Fenti kuma a jira sati huɗu, ko da biki ya matso.

Wani dattijon magini da ya gyara mana bangon nan, da na zo biyansa cikon kuɗi ranar da ya gama, sai ya mayar mini da wani abu daga ciki. Ya ce, "Riƙe wannan, Alhaji. In ya yi sati biyu ka ɗauko gudumarka ka bi shi kamar yadda ka bi tsohon. In ba ka ji fanko ba, ka aiko mini." Ranar da ta cika na bi shi layi-layi, tun daga dakali har ƙarƙashin indararo, sannan na ba yaro kuɗin ya kai masa.